Tambayi Inna: Mai zuwa Ikko, kada ya tsaya a Zango

Assalamu alaikum masu karatu. Wasiƙu huɗu suka taru a hannuna duk a kan zuwa Legas, shi ya sa na ba su filin wannan makon gaba ɗaya. Shekara 14 na yi a Agege tare da maigidana, Allah ya jiƙansa, lokacin yana sana'ar albasa a kasuwar Mil 12, kuma har yau nakan je sarin leshi sau biyu a shekara. Abin da idona ya gani shi zan faɗa.

TAMBAYA: Inna, ina wuni. Ƙanena zai yi aure bayan babbar Sallah, ni aka ɗora wa haɗa lefe. Ƙawayena sun ce in tafi Legas, wai kaya sun fi araha da yawan zaɓi. Ban taɓa wuce Kwantagora ba. Maigidana ya amince, amma hankalinsa bai kwanta ba, yana cewa garin 'yan damfara ne. Mi za ki ce mani? Ɗiyarki daga Runjin Sambo.

AMSA: Ɗiyata, Allah ya sanya alheri, ya nuna mana lokacin. Ki fara da lissafi. In akwati biyu ko uku ne, kuma shadda da atamfa suka fi yawa a ciki, Kantin Kwari a Kano ya ishe ki, wani abin ma babbar kasuwarmu ta nan Sakkwato za ki same shi. Kuɗin mota da masauki za su cinye rangwamen da kike nema. Inda Legas ta yi wa kowa zarra shi ne leshi, takalma, jakunkuna, sarƙoƙi da agoguna. In waɗannan ne suka fi nauyi a jerinki, ko in za ku haɗa kai da wasu mata biyu masu hidima irin taki ku raba ɗawainiya, to tafiyar za ta biya kanta. Ni kuma ina so ki je ko da ribar ba ta da yawa, domin mace ta kai shekarunki ba ta taɓa ganin wata duniya bayan Kwantagora ba, wannan ma asara ce.

Hanya doguwa ce, ta haura kilomita 1,000. Daga nan sai Jega, Koko, Yawuri, Kwantagora, Mokwa, ki haye Kwara a Jabba, sannan Ilori, Ogbomosho, Oyo, Badun, kafin Legas. Ki ɗauka wuni da kwana ne, wani lokaci har da ƙari in hanya ta ɓaci. Ki shiga mota a tasha, wadda ake rubuta sunan fasinja, ki riƙe ruwa da dabino da ƙuli-ƙuli. In aljihu zai ɗauka, jirgi daga filin Sultan Abubakar III ya fi kwanciyar hankali, yawanci ta Abuja ake bi. Wasu matan kan tafi a jirgi, su auno kayan a mota, su dawo su jira su a gida.

Masauki kuwa, kada ki sauka a hannun wanda ba a sani ba. Babu unguwar Sakkwato da ba ta da ɗa a Agege, ko Idi-Araba, ko Mil 12, ko Alaba Rago. A Agege akwai Sarkin Hausawa da fadarsa, akwai masallatai da makarantun allo, za ki ji kiran salla ki rantse kina Ƙofar Atiku. Maigidanki ya nemo gida guda mai iyali, ya yi magana da mai gidan da bakinsa, a tarbe ki a tasha. Wannan kaɗai zai sauke masa rabin damuwarsa.

Yanzu kasuwa. Kasuwar Balogun tana kan tsibirin Legas, kuma ba kasuwa ba ce mai katanga da ƙofa kamar tamu. Tituna ne da lunguna da benaye, daga Idumota har kusa da Marina, duk shaguna, wani a kan wani. Ki fito daga Agege da an sallame Asuba, in ba haka ba gosulo zai cinye miki hantsi. Ranar farko kada ki sayi komai. Ki zaga, ki taɓa, ki tambayi kuɗi a shago biyar ko shida, ki rubuta a takarda. Kayan da ke bakin titi sun fi tsada, masu sari suna ciki ko a saman bene. Samari za su tare ki suna kiran Alhaja, suna cewa ki zo shagonsu. Mafi yawansu ba su da shago, 'yan kamasho ne, kuma ladansu a kan kuɗinki za a ɗora. Ki yi musu godiya ki wuce. Ki koyi kalma uku ta Yarabanci: "e kaaro" ina kwana ke nan, "elo ni" nawa ne, "e jo" don Allah. Na sha ganin fuskar Bayarabiya ta saki saboda waɗannan kalmomi, ta jawo min kujera, ta rage abin da da ba ta yi niyya ba.

Leshi yadi 5 ne, atamfa turmi yadi 6. A warware a gabanki, a auna, ki ɗaga shi sama ki duba ta haske, ki murza duwatsun da yatsa ki ga ko manne su aka yi da gam. Abin da ya taɓa samuna ke nan a farkon fara sarina: na zaɓi leshi guda takwas masu nauyi a wani shago, na biya, yaron shagon ya ce bari ya shiga ciki ya naɗe min da kyau. Sai da na iso gida na kwance, na tarar uku daga ciki launin ne kawai iri ɗaya, amma yadin sakayau, kamar gidan sauro. Na yi kuka ranar, don kuɗin mutane ne. Tun daga nan abin da na biya ba ya barin idona, a gabana ake sa shi a buhu, ni nake ɗaure bakin. Maigidanki bai yi ƙarya ba, akwai macuta. Amma a layin nan dai akwai wata dattijuwa da muka yi shekaru muna ciniki, wadda ta taɓa bin bayana har bakin titi da jakar kuɗina da na manta a kan bencinta.

Kada ki riƙe tsabar kuɗi da yawa. Kusan kowane shago na karɓar tiransifa ko kati, sai ki tsaya ki ga sunan da ya fito ya dace da na mai shagon, ki karɓi rasit. Matan da ke dako da manyan kwanoni a ka, waɗanda ake kira alabaru, ki yi ciniki da su kafin su ɗauka, ki sa ta gabanki, ki kuma kyautata mata, aikinsu da wuya. In Azahar ta yi, babban masallacin Legas yana nan kan titin Nnamdi Azikiwe, mai hasumiya huɗu, an buɗe ginin na yanzu a 1988. Ki yi salla ki huta. In da sauran ƙarfi, ki taka zuwa titin Martins ki ga masallacin Shitta-Bey, wanda aka buɗe tun 1894, shekara tara kafin Turawa su ci Sakkwato. Ina son 'yan uwanmu su ga wannan ginin, su san Musulunci ya daɗe da kafuwa a bakin ruwan nan.

Wajen komowa masauki, ki shiga bas ɗin BRT ko danfo, ƙaramar bas ɗin haya, a tasha, kafin magariba. Motar da ta tsaya miki a bakin hanya da mutum uku ko huɗu a ciki, kada ki shiga ko da kin gaji, irin su ne 'yan Legas ke kira wan-cans, fasinjojin duk 'yan fashi ne. Kabu-kabu kuma, wato babur ɗin haya, gwamnatin jihar ta hana shi a ƙananan hukumomi da dama tun 2022, har da tsibirin, kuma ana kama mai tuƙi da wanda aka ɗauko.

TAMBAYA: Inna, ni malamin firamare ne. Na yi adashi na tara ɗan abin da zan kai iyalina Legas hutun kwana huɗu, mata ɗaya da yara uku. Yaran ba su da magana sai teku. Ina da ina za mu je? Ɗanki daga Mabera.

AMSA: Malam, Allah ya yi maka albarka. Wasiƙarka ta faranta min rai fiye da yadda kake zato. Sai da na shekara uku a Agege kafin in ga teku. Daga gida sai gidan suna, sai asibiti, sai gida. Akwai wani yaron maigidana, mutumin Wurno, wanda ya yi rani tara yana sauke buhunan albasa a Mil 12, ya koma gida ya yi aure ya zauna, bai taɓa taka bakin ruwan ba. Irinsa suna da dubbai. Muna zuwa Ikko mu shige Zango, mu ci tuwonmu, mu ji Hausarmu, mu dawo mu ce mun san Legas.

Ranar da aka kai ni, Bar Beach muka je, wadda yanzu babu ita, an cike wurin da yashi ana gina sabon birnin Eko Atlantic. Tun kafin in ga ruwan na ji shi, wani ruri kamar hadarin da bai sauka ba. Da muka hau tudun yashin sai na ga ruwa ya tafi har ya haɗe da sama, babu ƙetare, babu bishiya, babu kwalekwalen da zai nuna maka iyaka. Na cire takalmi na tsaya inda kumfa ke ƙarewa. Igiyar ta zo ta rufe min idon sawu, sanyi ƙalau, da za ta koma sai na ji yashin da nake tsaye a kai yana zarewa daga ƙarƙashin dugadugaina, kamar ana janye tabarma. Na damƙe hannun maigidana, bakina ba abin da yake fita sai Subhanallah. Na ɗanɗana ruwan a yatsa, gishiri zalla.

Wannan janyewar da na ji, ita nake so ka riƙe. Yaron da ya iya iyo a gulbin Rima ko a bakin madatsar Goronyo zai ɗauka ruwa ruwa ne. Tekun Atlantika yana da jan ƙasa, yakan ɗauke babban mutum daga inda ruwa bai wuce ƙugunsa ba. Yara su tsaya iya gwiwa, hannunsu a naka, kuma ba a juya wa igiya baya don ɗaukar hoto. Wuraren da ake zuwa yanzu, irin su Elegushi a ɓangaren Lekki, ana biyan kuɗin shiga. Ku je da safe a ranar aiki. Yammacin Asabar da Lahadi kiɗa ne da shaye-shaye da shigar da ba za ka so iyalinka su gani ba. Akwai Tarkwa Bay da ruwanta ya fi kwanciya, amma sai an shiga jirgin ruwa, to kowa ya sa rigar kariya kafin a tashi, in babu ita ku fasa.

Rana ta biyu ka ba tarihi. Gidan adana kayan tarihi na ƙasa yana Onikan, an kafa shi a 1957. Akwai kayan Nok da na Benin, amma inda za ka ga 'yan Arewa sun yi cirko-cirko shi ne gaban baƙar Marsandin Janar Murtala Muhammed, wadda aka harbe shi a cikinta ranar Juma'a 13 ga Fabrairu 1976. Ramukan harsashi suna nan a jikinta. Na ga wani tsoho ya cire hularsa yana share hawaye a wurin. Kai malami ne, ka san abin da za ka gaya wa yaranka. Daga nan da ƙafa za ku isa Dandalin Tafawa Balewa, tsohon filin sukuwa, inda aka yi bikin karɓar mulkin kai ranar 1 ga Oktoba 1960. Legas ce babban birnin ƙasa har 12 ga Disamba 1991 da aka koma Abuja, kuma ɗanmu Alhaji Shehu Shagari a nan ya yi mulkinsa daga 1979 zuwa 1983. Ka sa direba ya bi da ku ta gadar Third Mainland, kilomita 11.8 a kan ruwa, an buɗe ta a 1990. Ta gefe za ku hango Makoko, gidajen katako a kan turaku, yara ƙanana suna tuƙa kwalekwale kamar yadda namu ke kora jaki. 'Yan Legas ma suna da unguwar Marina kamar mu, sai dai tasu ba ta masu rini ba ce, bakin ruwa ce, kuma daga can jirgin ƙasa mai aiki da lantarki yake tashi zuwa Mil 2 tun 2023. Ana shiga da katin Cowry. Yara za su so shi.

Gandun dajin Lekki, wanda aka kafa a 1990, yana da birai da ɗawisu da wata gadar igiya a saman itatuwa mai tsawon mita 401. Tana lilo, kuma ba a barin ƙananan yara su hau, ka shirya rarrashi. A ɓoye abinci, biran suna fizgewa.

In kwana ya rage, Badagry. Da nisa, wuni guda za ta ci, amma can ne aka riƙa loda bayi zuwa ƙasashen Amurka. Za a nuna muku sarƙoƙin wuya da na ƙafa, da ɗakunan da ake tsare mutane a gidan Seriki Abass, sannan a haye da ku tsibirin Gberefu ku taka hanyar yashin da suka taka har bakin teku, inda daga nan ba a dawowa. Cikin waɗanda suka bi ta gaɓar nan akwai mutanen ƙasar Hausa. Ni dai ban iya cin abinci ba ranar. Kuma ka gaya wa yaran cewa babbar hanyar da aka ƙaddamar da aikinta a Illela a watan Oktoba 2024, mai kilomita 1,068, a Badagry za ta ƙare.

Lokaci: ka guji Yuni da Yuli, ruwa ne ba dare ba rana, tituna su cika. Hutun Disamba babu ruwa sosai, sai dai garin ya cika maƙil kuma masauki ya yi tsada. Zafinsu bai kai namu ba, amma mai gumi ne, kana zaune rigarka za ta jiƙe. Ku ɗauki kaya marasa nauyi da gidan sauro.

TAMBAYA: Hajiya, ɗana da ke aiki a Ikeja ya matsa sai na zo na yi wata guda. Shekaruna 71. Abin da ke damuna abinci ne, ban saba da cimar Kudu ba, kuma ina tsoron cin abin da bai halatta ba. Dattijo daga Kanwuri.

AMSA: Baba, Allah shi ba ku yawan rai. Ku kwantar da hankalinku, abincin Yarabawa ɗan uwan namu ne, hannu ne ya bambanta. Ewedu da za ku ji ana ta ambato lalo ne. Gbegiri miyar wake ce. Iru daddawar kalwa ce, ba a dai daka ta ba. Efo alayyafo ne, akara ƙosai, moin-moin alale, ogi kuma kamu. Amala tuwon alabo ne na busasshiyar doya, baƙi-baƙi, mai laushi, ba ya wahalar da haƙori ko ciki. A zuba muku lalo da miyar wake a kwano ɗaya, a ɗan ɗiga jar miya a kai, ku ci da zafinsa. Albasar da ke cikin tukunyar ma wataƙila daga fadamar Goronyo ko Gada ta fito, na ga tireloli suna sauke ta da idona shekara da shekaru.

Abu biyu za ku kiyaye: yaji da manja. Attaruhunsu ba wasa, musamman miyar shinkafar ofada da ake zubawa a ganye. Ku ce a sa kaɗan. Da safe ku gwada ewa agoyin, wake ne da aka dafa ya yi luguf da baƙar miyar soyayyen barkono, a haɗa da burodin Agege mai taushi. Da la'asar a sayo muku boli, gasasshiyar agada da soyayyar gyaɗa.

Batun halal, Musulmi suna da yawa ƙwarai a cikin Yarabawan Legas, kuma shanun da ake yankawa a mahautar Oko-Oba ta Agege daga wajenmu ake kai su. Surukarku ta sayi nama a hannun mahaucin da aka sani ta dafa a gida, shi ya fi. In a waje ne, a tambaya, ba abin kunya ba ne. A kauce wa duk abin da aka ce naman daji ne, da wuraren da ake sayar da farfesu tare da giya. Kayan teku kuwa, ku kuka fi ni sani, aya ta 96 a Suratul Ma'ida ta halatta farautar teku da abincinsa, kuma malamanmu na Malikiyya ba su ware ƙaguwa ko jatan lande ba. In rai bai karɓa ba, ba dole. Amma don Allah kada ku dawo ba ku ci ɗanyen kifin teku gasasshe ba, irin wanda suke kira kuroka. Namansa fari ne, ɓare-ɓare, ba shi da ƙarnin taɓo irin na tarwaɗa. In ɗanku yana da hali, ya kai ku kasuwar kifi ta Epe da sassafe, ku ga mata suna ciniki a kan kifin da ya kai tsawon yaro. Ranar da kewar gida ta taso, a kai ku Agege sallar Juma'a. Akwai fura da nono, da waina, da tuwon shinkafa, da tsire, da dattawa sa'o'inku da za ku raba goro da su. Ku tafi da kilishi da garin kuka da busasshen sure, surukarku za ta ji daɗi.

TAMBAYA: Inna, ina so in je Computer Village in saro wayoyi in buɗe ɗan shago. Jikanki daga Arkilla.

AMSA: Jikana, kasuwar tana Ikeja, kuma gaskiya ne babu kamarta a harkar waya. Zuwan farko ka bi wani wanda ya riga ka a sana'ar, ko da za ka biya masa kuɗin mota. Kada ka sayi komai a hannun mai tsaye a titi, komai arahar da ya yi maka. Ka shiga shago mai suna, ka kunna kowace waya, ka sa layinka ka yi kira, ka gwada caji da kyamara, ka danna *#06# ka ga lambar IMEI ta yi daidai da ta jikin kwali, a rubuta ta a rasit. Wayar hannu ta biyu da ba ta da rasit tana iya zama ta sata, kuma kai za a zo a kama a Arkilla. Ka fara da guda goma ka ga yadda za su tafi. In ka gama, ka ware rabin wuni ka je bakin ruwa, ka ciko min ƙaramar gora da yashin wurin, na yi wa jikokina na Gidan Igwai alkawari.